Idan Nono Ya Yi Ciwo Ciki Kuma Ya Tsufa

A sanin yawancinmu ciwon nono na mai jego ne. Shi ya sa idan ya kama mace tana cikin wata na takwas ko na tara, haihuwa ba ta zo ba tukuna, sai kowa a gida ya ɗauko maganin da ya sani na masu shayarwa. Inna ta ce a dafa ruwa a gasa wurin. Maƙwabciya ta ce ruwa ne ya taru, a matse a zubar. Maigida kuma, don tausayi, ya biya ta kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki mai ƙarfi. Duk su ukun alheri suke nufi, kuma duk ukun suna iya jawo wa mai tsohon ciki abin da ya fi ciwon nonon muni. Akwai taimakon da za ki yi wa kanki a ɗaki, 'yar'uwa, mai sauƙi ne kuma yana aiki, sai dai naki daban yake da na wadda ta riga ta sauka.

Ki fara tabbatarwa ciwon ne, domin nonon mai ciki dama ba ya rasa ƙorafi. Tun wajen mako na 16 yake fara haɗa dakashi. Zai ƙara girma da nauyi, jijiyoyi su fito, kewayen kan nono ya ƙara faɗi da duhu, wasu 'yan ƙuraje su tsiro a wurin. Waɗannan ƙurajen ba cuta ba ne, maiƙo suke fitarwa mai kare fatar, kada ki matse su. Wata har hammatarta takan ɗan kumbura, don akwai matan da naman nononsu ke kaiwa can. Wata ta farka da safe ta tarar da ɗigon ruwa rawaya ya bushe a rigar barci. Duk wannan a nonon biyu yake faruwa, kuma jiki ba ya zafi.

Shi kuwa ciwon, gefe ɗaya yakan kama. Wuri guda zai yi tauri, ya yi zafi, ya riƙa zugi, ko hannun wannan gefen ba kya son ɗagawa. Sai kasala ta biyo baya, da ciwon gaɓoɓi, da rawar sanyi, da zazzaɓi, har ki rantse maleriya ce. Littattafan likitanci suna cewa wurin yakan yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya bayyana sosai, sai dai ki ga wurin ya fi sauran duhu ko yana ƙyalli. Saboda haka kada ki zauna jiran ja. Ki tsaya gaban madubi inda haske yake, ki dubi biyun tare, sannan ki ɗora bayan hannunki a kan wannan, ki mayar a kan wancan. Idan akwai bambancin zafi nan take za ki ji shi.

Abu biyu ne ke haɗuwa su kawo shi. Na farko cunkoso: naman nonon ya kumbura ya matse 'yan hanyoyin da ruwan ke bi. Na biyu ƙwayar cuta, wadda yawanci irin da ke zaune a fatar mutum ce tana jiran ƙofa. Ƙofar kuwa ƙarama ce ƙwarai. Dakashi ya bushe a kan nono kin sa farce kin ɓanɓare, ko ƙaiƙayi ya dame ki da dare kin sosa har fata ta sale, ko sabulu mai ƙarfi ya busar da wurin ya tsage. Rigar mama ma tana da nata laifin. Mata da yawa suna ci gaba da sa wadda suka saya tun kafin ciki, ta matse, ƙarfen da ke ƙasanta ya danne wuri ɗaya yini guda. Mai ciwon sukari kuma, ko da irin wanda ke zuwa da ciki ne, ƙwayar cuta ta fi saurin kama ta.

Wadda na fi ji wa tsoro ita ce mai kwanika. Tana goyo, al'ada ba ta dawo ba, sai ciki ya yi nisa kafin ta farga. Ranar da manya suka sani, ranar za a cire yaron, a kai shi gidan kaka, a ce nonon ya lalace zai sa shi gudawa. Nonon da aka saba sha sau da yawa a rana sai a wayi gari babu mai taɓa shi, ya cika ya yi tamtsam. Ga shi kan nonon mai ciki dama yana da tsami, yaron kuma ya yi haƙora, sau da yawa akwai 'yar tsaga tun kafin yayen. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Yana raguwa, ɗanɗanonsa yana sauyawa, shi ke nan. Ramar da ake gani a jikin yaron bayan haka, yayen dare ɗaya ne da tsinkakken koko suka jawo ta. Idan cikinki lafiya yake, kina iya ci gaba da ba yaro, ko ki yaye shi a hankali, ki rage sha ɗaya, bayan 'yan kwanaki ki sake rage wani. Wadda ta taɓa haifar bakwaini, ko take ɗauke da tagwaye, ko take ganin jini, ita ce ke buƙatar ta tambaya a wurin awo kafin ta ci gaba. Idan kuma ciwon ya same ki kina shayarwar, ki bar yaron ya sha yadda ya saba, kada ki ƙara masa da nufin ya zuƙe ciwon, kuma da zarar kin ji mara tana ɗaurewa ki cire shi.

To, me za ki yi a gida?

Sanyi. Na san wannan zai yi wa iyayenmu nauyi a kunne, domin a wurinmu duk abin da ya kumbura gashi ake yi masa, mai ciki da mai jego kuwa sanyi ake guje musu. Su kansu likitoci sun daɗe suna ba da shawarar ɗumi da tausa mai ƙarfi. A shekarar 2022 ne ƙungiyar likitoci masana shayarwa, Academy of Breastfeeding Medicine, ta sake fasalin shawararta, bisa fahimtar cewa asalin matsalar kumburin nama ne ya matse hanya. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini ya ƙara turo ruwa wurin da dama ya cika, sanyi kuma yana tsuke su, kumburi ya sauka, zugi ya lafa. Ki samo ƙanƙara, ko ledar fiya-wata da ta daskare a wurin masu sayarwa, ki naɗe ta a tawul ko tsumma mai tsabta, ki ɗora a wurin minti 10 zuwa 15, ki cire. Bayan awa ɗaya ko biyu ki maimaita. Kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye. Idan babu wuta babu ƙanƙara, ki jiƙa tsumma da ruwan randa, ki matse, ki ɗora, da ya ɗauki ɗumin jiki ki sake jiƙawa. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba laifi. Gashi da tawul mai tururi ne nake roƙon a bari.

Sai hannu. Wurin da ya yi tauri yana jan mutum ya murza shi ya fashe, kuma akwai masu ƙarfin hannu a kowane gida da za su ce kawo in gyara miki. Kada ki yarda. Murza mai ƙarfi yana ƙuje naman ciki, ya ƙara kumburi, har ya share wa ƙurji hanya. Abin da ke taimakawa shafa ce kawai. Ki kishingiɗa, ki sa tafin yatsunki, ki shafo daga wajen kan nono zuwa hammata, da kuma sama zuwa ƙashin da ke ƙasan wuya. Fatar kaɗai za ki motsa, yatsa kada ya nutse. Minti biyu ko uku sun isa, sau da yawa a yini. Wannan yana kora ruwan kumburin zuwa inda jiki ke kwashe shi. Kan nonon kansa ki ƙyale shi.

Dalilin ƙyale shi babba ne, kuma nan ne shawararki ta rabu da ta mai jego. Ja ko matsa kan nono yana sa jiki ya saki sinadarin oksitosin, shi ne kuma sinadarin da ke sa mahaifa ta murɗa lokacin naƙuda, irinsa ne ake sawa a ƙarin ruwa a ɗakin haihuwa idan naƙuda ta yi sanyi. Mace mai mako 32 ko 34 da ta zauna tana tatsa safe da yamma tana iya tayar wa kanta ciwon mara kwanan jariri bai cika ba. Ko a asibitocin da ake koya wa wasu mata tatsar dakashi kafin haihuwa, sai an kai mako 36 ko 37, kuma sai an duba an ga cikin ba shi da matsala. Banda haka, tatsar ba ta ƙarar da ruwan, kira take yi wa jiki ya ƙaro wani. Mai yayen da nono ya cika mata har ba ta iya barci kaɗai ce za ta ɗan rage kaɗan da hannu, gwargwadon yadda za ta sami sassauci, ta tsaya.

Ki cire matsattsiyar rigar mama ki sa ta auduga mai faɗin hannu, wadda ke tallafe nono ba tare da ta bar shaida a fata ba. Ɗaure ƙirji da ɗankwali don ruwa ya ƙafe kuskure ne. Idan dakashi ya bushe a kan nono, ki jiƙa shi da ruwa mai ɗumi ya saki da kansa, ki tsane da tsumma mai laushi, ki bar iska ta sha wurin. Ba sai kin sa sabulu a kan nonon ba. Fatar da ta bushe tana ƙaiƙayi kina iya shafa mata ɗan man kaɗe mai tsabta, amma banda wurin da ya buɗe ko yake tsatsafar da mugunya. Ki wanke hannu kafin ki taɓa, ki yanke farce.

Ki kwanta, kuma da gaske nake. Yau ba ranar wanki ba ce, ba ranar daka ko tuƙin tuwo ba. Ki kwanta a gefe, kamar yadda dama ake so mai ciki ta yi daga mako na 28, ki sa ɗan matashi ya tallafi nonon. Ki sha ruwa sosai, musamman idan jiki ya yi zafi. Ki ci abin da ya samu mai gina jiki: wake, ƙwai, kifi, miyar ganye, zogale, lemo. Tafarnuwa da citta a cikin miya babu laifi, amma abinci ne, ba za su kashe ƙwayar cutar da ta riga ta shiga nono ba.

Ganyen kabeji ya yi suna a wannan fanni, kuma masu amfani da shi sukan ji daɗinsa. Binciken da aka yi bai nuna ya fi ƙanƙara ba, alamar sanyinsa ne ke aikin. Ɗanyen kabeji kuma yana iya ɗauke da ƙwayar listeriya, wadda ke da haɗari ga ɗan da ke ciki. Wadda ta nace sai shi, ta wanke ganyen sosai, ta sanyaya, ta rufe nonon ta bar kansa a waje, ta cire da ya yi laushi, ta wanke hannu. Ni dai ga mai ciki tsumma mai sanyi na fi so.

Maganin zafi da zazzaɓi da aka yarda mai ciki ta sha shi ne farasitamol, wanda muka fi sani da Panadol: ƙwaya biyu masu miligiram 500, bayan kowace awa shida idan da buƙata, kada ki wuce takwas a yini da kwana, kuma na 'yan kwanaki kaɗan. Ki kula, yana iya ɓoye zazzaɓi, don haka ki auna zafin jikinki kafin ki sha.

Haɗin kemis kuwa ki nisance shi, kada garin neman gira a rasa ido. Ibufurofen, wato Brufen, shi ne maganin da ake ba mai jego idan nono ya kumbura, yana yi mata aiki sosai, shi ya sa za ki ji 'yar'uwarki ta ce ai ni shi na sha na warke. Gaskiyarta, amma ita ɗanta yana hannu. A watan Oktoba na 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa daga mako na 20 irin waɗannan magunguna suna iya taɓa ƙodar jariri, ruwan da yake kwance a ciki ya ragu. Daga mako na 30 kuma suna iya rufe wata jijiya da ke kusa da zuciyarsa, wadda bai kamata ta rufe ba sai bayan ya fito duniya. Dikulofenak, irin su Voltaren da Cataflam, da firoksikam, wato Feldene, duk dangi ɗaya ne da shi. Akwai kuma ƙwayoyin ciwon jiki da aka cuɗa farasitamol da ibufurofen wuri ɗaya, don haka a karanta jikin kwali. Ƙaramar asfirin da likita ya ɗora ki a kai saboda hawan jini ita daban ce, kada ki daina ta sai da izininsa. A ɓangaren masu kashe ƙwayar cuta ma, tetarasaikilin, kafso ɗin nan ja-da-yalo, yana ɓata haƙoran jariri tun yana ciki, Septrin kuma ba a son sa dab da haihuwa. Sayen Ampiclox na kwana biyu a sha a daina yakan kwantar da ciwon ne kawai, ya taru a ƙasa.

Game da na gargajiya, abin shafawa da abin sha duk akwai abin lura. Dakakkiyar ɗanyar tafarnuwa da aka ɗaure a fata tana ƙona ta har ta yi bororo. Ruwan tumfafiya ya fi ta ɓarna. Kanwa, toka, man zafi, da duk wani ƙulli da ba ki san abin da ke ciki ba, ƙarin rauni ne a fatar da jariri zai kama nan da 'yan makonni. Hulba da mata ke sha don ruwan nono ba a son mai ciki ta sha ta da yawa a matsayin magani, saboda tana iya motsa mahaifa, kuma ke yanzu ba ƙarin ruwa kike nema ba. Jiƙon saiwa da ɓawo masu ɗaci ki ajiye su. Sakiya wurin wanzami kuwa, don Allah a'a. Ƙarfen da aka huda nono da shi a zaure yana iya yanke hanyar ruwan nono, ya bar miki ramin da zai yi ta yoyo, ya kuma shigo da cutar da ta fi ta farko.

Duk abin da na lissafa na gida yana da wa'adi. Idan tauri ne da zafi a wurin kawai, jikinki garau, ki yi sanyi da hutu yini ɗaya da kwana ɗaya. Idan bai fara sauka ba, asibiti. Idan kuwa ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 38 ko sama, ko kina rawar sanyi, babu zancen jira, ranar za ki tafi, ko da ba ranar awonki ba ce. Haka idan wurin ya yi laushi a tsakiya alamar ruwa ya taru, ko mugunya ko jini na fita, ko kaluluwa ta fito a hammata. Idan mara tana murɗawa tana saki, ko faya ta fashe, ko kin ga jini, ko motsin jariri ya ragu, ko tsakar dare ne a tashi maigida. Zazzaɓi mai zafi shi kaɗai yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci, kuma a ƙasarmu mai ciki mai zazzaɓi dole a gwada jininta don maleriya, a duba fitsarinta, domin ciwo biyu suna iya haɗuwa a jiki ɗaya.

Kada tsoron magani ya hana ki zuwa. Akwai masu kashe ƙwayar cuta da aka daɗe ana ba masu ciki lafiya lau, irin su fulukuloksasilin da sefaleksin, akwai kuma madadinsu ga wadda jikinta ba ya karɓar fenisilin, sai dai ki faɗa musu. Yawanci kwana 10 zuwa 14 ake sha. Cikin kwana biyu za ki ji sauƙi, kuma nan ne mata da yawa ke ajiye sauran, ciwon ya dawo. Ki shanye. Idan ana zargin ƙurji za a yi wa nonon sikanin, irin wanda ake yi wa ciki, ba ya cutar da jariri. Sau da yawa da allura da sirinji ake zuƙe mugunyar bayan an kashe zafin wurin, ba sai an yanka ba, musamman idan an zo da wuri.

Akwai dalili guda da ya sa nake matsa wa mai ciki ta bari a duba ta, ko da ta ji sauƙi. Ciwon nono kafin haihuwa ba kasafai yake faruwa ba, don haka idan ya zo yana da kyau a tabbatar shi ne. Sankarar mama tana bayyana a kusan ciki ɗaya cikin 3,000, kuma sauye-sauyen ciki suna ɓoye ta, a yi ta cewa ai nono ne ke haɗa ruwa. Akwai nau'inta da ke zuwa da kumburi da zafi ba tare da ƙullutu ba, fatar ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemo. Tarin fuka ma yakan kama nono. Idan kin gama magani wurin bai koma daidai ba, ko ƙullutu ya wuce mako biyu, ko kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ki koma ki ce a sake dubawa. Yawanci ba a samun komai, amma gwajin ba ya jiran sai an haihu.

Idan Allah ya sauke ki lafiya, ciwon da kika yi ba zai hana ki shayarwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a sa jariri a nono cikin awa ta farko, kuma dakashin nan da ake tatsewa a zubar shi ne rigakafinsa na farko. Ki ba shi duka biyun, har wanda ya yi ciwon. Ki faɗa wa ungozoma abin da ya faru, ta tsaya ta ga yadda yake kamawa: bakinsa a buɗe sosai, ya haɗa da kewayen, ba kan nonon kaɗai ba. Mai ɗauke da cutar HIV kuwa ba za ta ba da nonon da ke ciwo ba sai ya warke, ita ma a asibiti za a nuna mata yadda za ta yi.

Maigida, da ke Hajiya uwar miji, sauran magana taku ce. Mace da yawa kunya ke hana ta faɗin inda ke mata ciwo, sai ta ce zazzaɓi ne kawai. Ku tambaye ta a hankali, ku ɗauke mata aikin gida, ku samo mata ƙanƙara. Idan jikinta ya yi zafi, a ɗauki katin awo a kai ta asibiti a ranar.